Bangon Mai Lamba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 11 ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina a sana'a, mai sayar da tsofaffin kayan gyaran mota, wanda duk layinmu ke kira Mai Lamba. Ya rasu a gidansa bayan jinyar ciwon zuciya, ya bar matarsa da 'ya'ya da jikoki. Ni tela ne, bango ɗaya ya raba shagona da nasa, kuma Yaya nake ce masa. Rubutu ba aikina ba ne. Na ɗauki alƙalami ne saboda autansa, wanda ya ɗora wa kansa laifin da mahaifinsa bai ɗora masa ba, har ya daina shigowa layinmu.

Yaya, duk wanda ya san ka ya san bangon shagonka. Wasu na tara filaye, wasu na tara shanu, kai kuwa tsofaffin lambobin mota ka tara, irin waɗanda aka daina aiki da su tun da daɗewa. Tun kana direban babbar mota ka fara. Da ka ajiye tuƙi, sai ka koma bin masu yanka matattun motoci, kana tsugunawa cikin tarin ƙarafa kamar mai neman allurar da ta faɗi. Na sha ce maka kowa da kiwon da ya karɓe shi, kai kiwon tsatsa ne ya karɓe ka. Ba ka taɓa jin haushi ba, sai dai ka ce ai tela bai san darajar abu ba sai yana sabo.

Ko ban so ba, na koyi karatun nan, don wanda ya shigo sayen kusoshi biyu ma sai ka tsare shi da bayani. Ka ce lamba tana daraja ne idan irinta ta yi ƙaranci, idan gajera ce, idan ta gaba da ta baya suna tare, idan kuma an san motar da ta ɗauke ta. Amma sharaɗin da ya fi kowanne shi ne ta zauna yadda zamani ya bar ta. Ba a kankare ta, ba a miƙe lanƙwasarta, ba a sake mata fenti. Wadda aka gyara, a wurin masu tarawa, ta zama faranti kawai. Tsumma busasshe kaɗai kake yarda ya taɓa su, shi ma kai ne za ka riƙe.

Ba zan ce ba ka da aibu ba. Kana da surutu, kana da taurin kai, kuma kujera ɗaya ce a shagonka, kai ne a kanta. Amma ina wurin ranar da wata tsohuwa ta zo saya wa jikanta fitilar babur, ta ɗaga kai ta gane lambar tasin marigayin mijinta. Lambar da ka hana dillalai ce, wadda ka yi shekaru kana nema. Ka hau kan benci da kanka ka ciro ta, ka naɗe a takarda ka ba ta. Da na yi maka tsiya, ka ce mai labarin ta zo, kai ajiya aka ba ka. Haka kuma direbobi da yawa sun tayar da motocinsu da kayan shagonka a lokacin da hannunsu bai kai ba, kuma ban taɓa jin ka ambaci sunan ɗayansu ba.

Abin da bai yi maka daɗi ba a rayuwa shi ne tsakaninka da Auta. Ka so ya yi karatu mai zurfi, shi kuwa ya zaɓi fentin mota. Kuka yi ta ja, har ya yi aure ya haihu, magana tsakaninku ba ta wuce gaisuwa. Garejinsa ba shi da nisa, amma ban taɓa ganin ya zauna a shagonka ba.

Da ciwo ya kwantar da kai a asibiti, makullin shagon ya koma hannunsa. Mai fenti kuwa ba ya ganin tsatsa ya ƙyale ta, kamar yadda ni ba na ganin maɓalli yana lilo in wuce. Ya dubi bangon nan, ya ga abin da mahaifinsa ya fi so yana lalacewa. Sai ya sauke waɗanda suka fi cin tsatsa, wato mafi tsufa kuma mafi daraja, ya kai garejinsa. Ya kankare, ya miƙe su da guduma, ya yi musu feshi, ya bi haruffan da buroshi ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai kyau ƙwarai, kuma da shi ya kashe su. Ni ban sani ba sai da na ga rabin bangon yana ƙyalli.

Ranar da aka sallame ka, ka dage sai an bi da kai ta shago. Auta yana tsaye a bakin ƙofa, da sauran fenti a farcensa. Ka daɗe kana kallon bangon, ni kuma ina kallon ƙasa, don na san halinka. Sannan ka tambaya wa ya yi aikin.

"Ni ne, Baba," in ji shi.

"Hannunka ya faɗa," ka ce. "Sai ka ƙarasa sauran."

Haka kuwa aka yi, sai dai ka ce a bayan shagonka za a yi, ba a gareji ba. Kullum da yamma yakan zo da kayan aikinsa. Kai kana kan kujerarka kana faɗa masa asalin launin kowace lamba, da motar da ta ɗauke ta, da hanyar da ta bi. Ta bango nake jiyo ku. Wani lokaci gardama, wani lokaci dariya. Ba a jima da gama ta ƙarshe ba ka sake kwanciya, ba ka tashi ba.

Bayan rasuwarka wani dillali da ya daɗe yana zawarcin bangon ya zo. Ya duba, ya girgiza kai, ya faɗa wa Auta a gaban mutane cewa garin neman gira an rasa ido, waɗannan yanzu ado ne kawai. Auta ya shigo shagona ya tambaye ni, "Kawu, Baba ya san na ɓata su?" Na ce ya sani. Ya ce to ashe da baƙin cikinsa mahaifinsa ya tafi, ya fita kafin in haɗa magana. Na je gidansa ban same shi ba, na kira bai ɗauka ba. Shi ya sa zan faɗi sauran a nan.

Auta, saurara. A ranar da ya fara ganin aikinka, bayan ka tafi, na tambayi mahaifinka dalilin da zai sa ya ba ka sauran, alhali yana iya tsirar da rabi. Ba zan ɓoye maka ba, abin ya taɓa shi, don sai da ya goge ido. Amma ga abin da ya ce, kuma ban ƙara ko kalma ba:

"Tela, in na bar rabi da tsatsa, zai tambaye ni dalili, in na faɗa masa ba zai sake shigowa nan ba. Shekara da shekaru ina ba baƙi labarin ƙarafan nan, ɗana bai ji ko ɗaya ba. Yanzu na samu abin da zai zaunar da shi kusa da ni, kake cewa in tsirar da rabi? Da ma sun fi haka yawa."

Mutum ne da ya san farashin kowace lamba da ke bangon nan fiye da dillalin da ya yi maka magana. Ya yi cinikinsa idonsa biyu, kuma ni da na zauna da shi shekaru masu yawa ban taɓa ganin sa cikin nishaɗi irin na waɗannan yammacin ba. Ka dawo ka buɗe shagon.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya. Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa alherin da ka yi a ɓoye ya tarbe ka a fili. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'ya'yanka da jikokinka, da abokan sana'arka na layinmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya sanyaya zuciyar autanka, Ya kyautata namu ƙarshen idan ya zo. Amin.