Bangon da Ke Jiƙewa Ranar Baƙi

Gwaggona, ƙanwar babana, mace ce da ba ta mantuwa. In ka yi mata alheri tana riƙe da shi har kai ka manta ka yi. In ka taka ta kuwa, ba za ta ce maka uffan ba, sai ta ninke abin ta ajiye kamar yadin da ba a kai ga ɗinkinsa ba. Tela ce, kayan 'yan makaranta take ɗinkawa tun kafin a haife ni. Da kekenta da motar hayar mijinta suka gina gidansu a ƙarshen layi: bana a ɗaga bango, baɗi a yi rufi, sai an huta a sa ƙofa. Shi ya sa babu tagogi biyu masu kama da juna a gidan.

Maƙwabcinta na jikin katanga tsohon akawu ne, amma duk layin Dogon Wuya ake ce masa, don ko tabarma ka shanya sai ka ga kansa ya leƙo ta sama. Mutumin nan bai haɗa barcin ranarsa da komai ba. Kullum cikin aike yake wai ƙarar keken Gwaggo na hana shi runtsawa. Keken ɗinki fa, jama'a, na ƙafa! Amma saboda haƙƙin maƙwabtaka, Gwaggo ta yi shekaru tana rufe kekenta bayan azahar, ko da aiki ya sha mata kai.

Da mijinta ya rasu, Dogon Wuya ya shigo gaisuwa, bakinsa na addu'a idonsa na auna tsakar gida. Zai fita ya ce, "In kin tashi sayarwa, ki tuna ni ne na kusa." Ina wajen, na ji da kunnena. Gwaggo ta ce, "To, Malam." Wannan ma ta ninke ta ajiye.

A kwana a tashi gwiwoyinta suka gaji, 'yarta da ke aure a wani gari ta matsa mata ta sayar ta koma kusa da ita. Aka ba dillali gida. To duk mai zuwa gidan Gwaggo dole ya bi ta ƙofar Dogon Wuya, shi kuma yana nan kan benci kamar an dasa shi. Sai ya tari mutum da fara'a ya ce, "Ni dai ba na shiga abin da ba ruwana, amma in kun shiga ku shafa bangon ɗakin baya."

Su shafa kuwa su ji shi sharkaf. Gwaggo ta kira magini, ta kira mai gyaran famfo, kowa ya duba ya ce bai ga komai ba. Bango ya yi kwanaki a bushe, ranar da za a kawo baƙi ya tashi a jiƙe. Bayan ɗakin wani siririn lungu ne cike da tsoffin katakai, gwiwarta ba ta barinta ta shiga. Dillalin kuma bakinsa ba ya riƙe magana, tun daga bakin layi yake shelar ranar da zai kawo mutane.

Masu saye suka ɗauke ƙafa. Sai ga Dogon Wuya ya aiko da tayin da ko kejin kaji ba zai saya ba, wai taimako ne, tunda gidan ya zama rijiya. Ranar na ga Gwaggo ta zauna gaban kekenta ba ta taka shi ba.

Ni na kawo mata maganar hoton zagaye, irin wanda mai saye zai shiga gidanka ta wayarsa, yana jan yatsa yana yawo ɗaki-ɗaki kamar yana ciki.

Ta ce, "In biya kuɗi a yi wa gida hoto? Miji zai nema?"

Na ce, "Gwaggo, mutum zai ga gidan nan kaf bai bi ta ƙofar kowa ba."

Ta ɗago. "Ba sai ya bi ta gaban bencin wancan ba?"

"Ko inuwarsa ba zai gani ba."

"Kira su."

Mai hoton mace ce mai ƙarancin magana. Ta zo da wata 'yar kyamara a kan doguwar ƙafa uku, ido ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ta ce mana, "Wannan ba ta da ƙeya. Ko'ina take gani lokaci guda. Duk inda na kafa ta sai mun ɓuya, in ba haka ba mu fito a ciki." Haka muka yini muna laɓewa, yanzu a bayan ƙofa, anjima a banɗaki, Gwaggo na mita wai da tsufanta an mayar da ita ɓarauniya a gidanta. Daga ƙarshe mai hoto ta ce lungun baya ma sai ya shiga. Ta kutsa ta kafa abarta tsakanin katakai, muka koma kicin muka yi tsit.

Washegari ta dawo da kwamfutarta ta ce, "Mama, akwai abin da ya kamata ki gani kafin in sa hoton a intanet."

Gwaggo ta ɗora yatsa ta ja. Ga falo, ga keke a lulluɓe, ga ɗakin baya. Ta fita lungu ta juya hoton ta ɓangaren katanga. Innalillahi! Dogon Wuya ne tsaye a kan wani abu, daga shi sai singileti, ya ɗora tumbinsa a kan katanga, ya ciji harshe, ya zuro tiyo ta bayan katakai yana tsiyaya ruwa a gindin bango. Ashe ya ga motar mai hoto ya ɗauka ta masu saye ce, ya ji gida ya yi shiru, ya leƙo ya ga kyamara, ya zaci ta juya masa baya.

Na miƙe zumbur. Wallahi niyyata in je in shaƙe shi da tiyon. Gwaggo ta riƙo zanina ta ce, "Ke, zauna. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Kada ki ɓata min ranata da ihu."

Mai hoto ta ce a ƙa'idar aikinsu ba sa nuna fuskar mutum ba da izininsa ba, don haka za ta sake ɗaukar lungun.

Gwaggo ta ce, "Rufe fuskar. Tiyon ma sai an nemi izininsa?"

"A'a, Mama."

"Tumbin fa?"

Mai hoto ta danne dariya ta girgiza kai.

"To bar min su."

Aka sa hoton a intanet. Kafin masu saye su gani, mutanen layi sun gama zagaya gidan, kuma babu mai tsayawa kallon falo, kowa lungu yake nufa. Fuskar dishi-dishi ce, amma wa bai san wannan singiletin ba? Bencin ƙofar gida ya wayi gari babu kowa a kai. Bango kuwa ya bushe ƙayau, wayar Gwaggo ta shiga ƙara.

Duk wanda ya zo tayi, tambaya ɗaya take masa: "Bayan azahar me kake yi?" Wani ya ce yana ofis. Wani ya ce ɗan kishingiɗa yake. Ta sallame su da godiya. Sai ga wani kafinta, hannunsa duk kanta, yana neman wurin da zai zauna ya kuma kafa injin yankan katako. Ya ce, "Mama, ai lokacin ne aiki ke kankama, sai magariba muke kashewa." Tayinsa bai kai na sauran ba. Gwaggo ta ce ya kawo shaidunsa.

Na ja ta gefe na ce, "Gwaggo, mutumin nan fa rushe bangon tsakiya zai yi. Ɗakinku na baya ne zai zama wurin inji."

Ta kalli ɗakin ta ce, "Na sani. Gara ya sha ƙurar katako da wancan ya shimfiɗa katifarsa a ciki."

Labari ya kai wa Dogon Wuya. Ya zo da kansa, da babbar riga, ya tsaya daga bakin ƙofa yana murza hannu. Ya ce, "Maƙwabciya, sharrin shaiɗan ne. Ki sa a cire hoton nan, jikokina sun gani. Gidan kuma duk abin da kafinta ya bayar zan ɗora a kai. Ai ni ne na kusa."

Gwaggo ta ce, "Na tuna, Malam. Ranar da ka fara faɗa min haka, ko tabarmin gaisuwar mijina ba a naɗe ba. Gidan da ya zama rijiya me za ka yi da shi? Ina jin tausayinka, kada sanyi ya kama ka."

Yanzu Gwaggo tana wajen 'yarta, a ɗaki mai taga ɗaya. An sauke hoton daga intanet bayan ciniki, amma mai hoto ta bar mata nata a waya. In na je nakan same ta tana jan yatsa a hankali. Takan daɗe a ɗakin baya, wanda yanzu babu shi sai a nan, tana kallon ƙusar da mijinta ke rataye makullin mota. Na taɓa tambayarta ko kuɗin hoton ya biya. Ta ce ko keken aka ce ta bayar da ta bayar.

Rannan ina zaune aka idar da azahar. Ta shafa addu'a, ta lalubo waya ta kira kafinta, wai za su gaisa. Ina jiyo ƙugin injin daga inda nake. Ya ce, "Mama, bari in kashe, ba na jin ki sosai."

Ta ce, "Kul! Kada ka kashe, ɗana. Ba magana na kira mu yi ba."

Ta gyara filo, ta kwanta, ta ɗora wayar a kunne, ta lumshe ido.