Arlen Tveit da Baunan da Ke Kama Tsawa

A garin Velden na Dakota ta Arewa, in ka ce Arlen Tveit, za a ce maka direban bas ɗin makaranta ne, dogon nan mai ranƙwafaffiyar kafaɗa wanda ba ya magana sai an tambaye shi. Ya haura hamsin, bai taɓa aure ba, yana zaune shi kaɗai a gidan da iyayensa suka bari a bakin gari, kusa da rumbunan alkama. Ran Lahadi ya je coci ya zauna a baya, in an tashi ya sha kofi, ya ci kek ɗin da matan coci suka gasa, ya kama gabansa. Tun da ƙuruciya yake tuƙa rawayar motar nan, har ya zo yana ɗaukar 'ya'yan waɗanda ya ɗauka a da.

Abin da Velden ba ta sani ba shi ne Arlen marubuci ne. A cikinmu 'yan jela, masu son labaran dabbobin da ke tafiya da ƙafa biyu suna magana kamar mutane, babu wanda bai san Tsohon Bauna ba, sunan da yake sa wa labaransa ke nan a intanet. Gwarzonsa Brann, bauna ne ɗan kwana-kwana da tsawa ta faɗa wa a ƙaho bai mutu ba. Tun daga ranar yake iya jawo walƙiya daga sama ya riƙe ta tsakanin ƙahonninsa, ya jefi azzaluman birni da ita. Amma ba don faɗan ake bin labarin ba. Don Teo ake bi, wani ɗan siririn yanyawa namiji mai tuƙa motar asibiti, wanda Brann ke mutuwar so amma yake tsoron taɓawa, kada wutar jikinsa ta kashe shi. Shekaru masu karatu suka yi suna roƙon Tsohon Bauna ya bar su ko hannu su riƙe.

Mai zana hotunan labarin Ruben Archuleta ne, mai gyaran firji a Minneapolis, gajere, mai ƙiba, mai dariya da ƙarfi. Ta wurin labarin suka san juna, daga nan soyayya ta shiga tsakaninsu. In Ruben ya zo Velden, abokin kamun kifi ne, kuma Arlen ba ya zama kusa da shi ko a gidan cin abinci.

Duk lokacin sanyi sukan je taron 'yan jela a birni. A can Arlen yake sa ƙaton kan bauna da Ruben ya ɗinka masa, ya yi yawo cikin jama'a da faɗin rai, don ba mai ganin fuskarsa. A taron bara zafi ya dame shi, ya tuɓe kan ya rungume shi a hammata, gumi na zuba. Ruben ya yi ɗage ya sumbace shi a kumatu. Wani da ke ɗaukar hoton abokansa ya haɗa da su a baya, ba da nufin komai ba.

Sai da dusar ƙanƙara ta fara narkewa hoton ya iso shafin mutanen Velden na intanet. Wani ya zagaye fuskar Arlen da jan layi, ya rubuta a ƙasa: "Ga wanda ke ɗaukar 'ya'yanku kullum." Ya kuma liƙa adireshin labaran.

Arlen na cikin garejin makaranta yana duba man mota, sai Marlys Schumacher ta miƙo masa wayarta. Marlys ce ke riƙe da rediyon da direbobi ke magana da ofis, dattijuwa mai kaushin murya saboda taba. Ya dubi hoton, ya dafa motar.

Ta ce, "Kai ne, Arlen?"

"Ni ne."

"To. Yara na jira, ka makara."

Ranar yaran suka shiga shiru. Daga baya wani a kujerar baya ya yi kukan shanu, motar ta ɗauki dariya. Arlen bai ɗaga ido ya dubi madubi ba. Kafin mako ya ƙare, gidaje da dama sun daina turo 'ya'yansu bakin hanya. Sai ya tsaya, ya buɗe ƙofa, ya ga labule ya motsa, ya rufe ya wuce. A kanti matar da ta saba tambayarsa lafiyar gwiwarsa ta ajiye masa kaya ba ta dube shi ba. Wata safiya ya fito ya tarar an ɗaure jelar dila a madubin motarsa, ɗanya, jinin bai gama bushewa ba.

Ya kira Ruben.

Ruben ya ce, "Tsoho, haɗa kayanka ka taho yau. Ba gobe ba. Ko in zo in ɗauke ka?"

"Kada ka zo! Ruben, don Allah kada ka tako garin nan. In suka ga motarka..."

"To ka kira 'yan sanda."

"In ce musu me? Mataimakin shugabansu surukin Curt ne."

Curt Haugland manomi ne mai 'ya'ya uku a makarantar, shi ne ya fi kowa ɗaga murya a shafin, yana cewa a kori Arlen kafin a ji mummunan labari. Arlen ya san shi tun yana ɗan yaro mai yawan amai a mota. Abin da ya fi ci masa rai ke nan: babu baƙo ko ɗaya cikin masu zaginsa.

Ya daina rubutu. Ya daina zuwa coci. Ya koma kwana a falo da takalmi a ƙafa, ko ƙarar mota ya ji daga nesa sai ya miƙe tsaye. Kan baunan ya cusa shi a leda, ya kai ɗakin ƙasa ya ɓoye bayan tukunyar ɗumama gida, sannan ya zauna yana tunanin yadda za a yi in an ƙona gidan aka tarar da shi.

Wata ranar Alhamis da la'asar, bayan ya sauke yarinyar ƙarshe, ya kamo hanyar tsakuwa da ta ratsa gonaki. Fili ne fetal, ba gida ba itace, sai taɓo da ragowar ƙanƙara. Daga nesa ya hango a-kori-kura an gindaya ta a tsakiyar hanya. Ya rage gudu. Ya dubi madubi, sai ga wata ta biyo shi a baya. Hagu da dama ramin ruwa ne, ba wurin juyawa.

Curt ya sauko da wasu mutum biyu. Arlen ya hango bindigar farauta a rataye a bayan kujerar motar, inda kowa a yankin ke rataye tasa, amma ranar ba ta yi masa kama da ta farauta ba. Curt ya bubbuga gilashin ƙofa.

"Buɗe mana, Bauna. Hira za mu yi."

Ya buɗe, don ya san ƙofar ba za ta hana su komai ba. Suka hau, warin giya da dizal ya cika motar. Ɗaya ya zauna a kujerar farko ya miƙe ƙafa, ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Curt ya tsaya a kansa ya miƙo masa waya.

"An ce kai marubuci ne. Mu jahilai ne, karanta mana. Daga nan, inda suke lashe-lashen."

"Curt, ba abin da kake zato ba ne. Yaranka ban taɓa..."

"Kada ka ƙara ambaton yarana. Karanta!"

Arlen ya karɓi wayar da hannun dama. Hannunsa na hagu yana kan cinyarsa, kusa da abin maganar rediyo da ke rataye a gefen sitiyari. Har yau yana cewa bai san ko da gangan ya yi ba, ko neman abin riƙewa yake. Ya dai damƙe shi, babban yatsansa ya danne maɓallin.

Ya fara karantawa. Wurin da Brann ya dawo daga faɗa ne, ƙahonsa ɗaya ya tsage, wutar jikinsa ta ƙare sarai, Teo ya gane cewa yau kaɗai zai iya taɓa shi ba tare da ya mutu ba. Yanyawan ya ɗora tafinsa a goshin baunan, ya ce masa ya daɗe yana son ya san ko gashin nan da laushi. Sai ya sumbace shi. Iyakar abin ke nan.

Na bakin ƙofa ya fashe da dariya. "Shi ke nan? Kai Curt, ka ce mana ƙazanta ce!"

"Rufe mana baki." Curt ya fizge wayar, fuskarsa ta yi ja. Ya cakumi kwalar Arlen ya jawo shi har hularsa ta faɗi. "Saurara, ɗan daudun banza. Ka ga ramin can? Mota na faɗawa ciki kowace shekara. Ba wanda zai yi mamaki."

Yatsan Arlen ya saki maɓallin. Rediyon ya yi ƙara, muryar Marlys ta cika motar.

"Curtis Haugland, na ji ka, kuma duk direbobina sun ji ka. Na ji dariyar Duane ma, ban san na ukunku ba amma zan sani. Ni na yi rainonka, mara kunya. Cika shi. Arlen, kana ina?"

Da ƙyar ya ce, "Hanyar gonar Lindqvist."

"Motoci biyu na zuwa. Kada ka motsa."

Curt ya dubi rediyon. Sannan ya saki Arlen, ya tofa yawu a ƙasan motar, suka sauka. Sai da ƙurarsu ta ɓace Arlen ya gane ya jiƙa wandonsa. Ya tuɓe rigar sanyinsa ya rufe cinyarsa kafin sauran direbobin su iso.

Hukumar makaranta ta zauna a kan maganar. An karanta labaran kaf, an tambayi yara, ba a sami komai a kansa ba. Ba a kore shi ba, amma an ce don zaman lafiya ya koma gyaran motoci a gareji. Curt kuwa gargaɗi aka yi masa, aka bar zancen. Wasu suka dawo gaishe da Arlen, wasu har yau ba su yi ba. Matar fasto ta aiko masa da tukunyar abinci ba tare da ta ce komai ba, shi ma bai san me take nufi ba.

Ya ƙarasa shekarar karatun a gareji, don kada a ce gudu ya yi, ko da yake bai ƙara bin hanyar tsakuwa shi kaɗai ba. Da zafi ya shigo, Ruben ya zo da motar haya da rana tsaka, suka loda kaya a idon maƙwabta. Marlys kaɗai ta zo sallama. Ta dubi Ruben sama da ƙasa ta ce, "Ashe kai ne abokin kamun kifin. Ka riƙa ba shi abinci, ya rame."

Yanzu Arlen na tuƙa motar tsofaffi a Minneapolis, yana kai su asibiti yana dawo da su. Suna zaune da Ruben a hawa na biyu, sama da wani shagon wanki. Ya koma rubutu, amma a hankali, kuma masu karatu na ƙorafin cewa Brann ya cika waiwaye. Gidan Velden bai sayar ba, bai kuma koma ya gani ba. In suna tafiya a titi Ruben ya kama hannunsa, yakan bari, sai dai in a-kori-kura ta rage gudu kusa da su.