Kujera Ɗaya a Jirgin Yamai

Kaka ce, hatsi ya yi kyau, amma shekarar kowa a ɗarare yake saboda labarin satar mutane, ko sallama aka yi sai an leƙa kafin a amsa. Ɗiyata ta fari, mai shekara bakwai, kunnenta na zubar da ruwa tun damina. Ƙanena da ke aiki Yamai ya samo mana likita, ya biya mana jirgi daga Maradi don kada doguwar hanya ta wahalar da ita.

Muka baro Madarunfa da hantsi. A gishen filin jirgi, inda ake duba biye, wato tikiti, wani ma'aikaci ya dubi yarinyar.

"Madam, ɗiyarki ce?"

A wurinmu mace ba ta bugun ƙirji da ɗan fari gaban mutane. Na sunkuyar da kai na ce, "Ta gidanmu ce."

Ya daɗe yana latse-latse, sannan ya ce jirgi ya cika, kujera ɗaya ta rage. Tunda ba ni ce uwar ba, yarinya ta tafi yau, kawunta ya tarbe ta, ni in biyo gobe.

Na yi karatun yaƙi da jahilci, na ga biye biyu ne a hannuna, rana ɗaya. Wa aka ba tawa kujerar? Wani mai babbar riga da ya zo bayanmu ya riga ya wuce ciki.

Sai wata mata mai ƙamshin turare ta matso. "Haba 'yar'uwa, ba ni ita mana. Kusa da ni za ta zauna, har biskit gare ni."

Ban san ta ba. Ban kuma ga lokacin da ma'aikacin ya gaya mata zancenmu ba, amma ta san shi duka. Wataƙila mutuniyar kirki ce. Hannunta dai ya riga bakinta isa kafaɗar yarinyar.

Na janye ɗiyata a hankali. "Na gode, Hajiya. Ba ta cin biskit."

"To, in kun ƙi, sai gobe ku duka," in ji ma'aikacin. "Goben ma ban yi alkawari ba."

Muka kwana gidan yayata a Maradi. Washegari tun ba a buɗe gishe ba ina zaune gabansa, yarinyar bisa cinyata. Ban sauke ta ba sai da na karanta lambobin kujerunmu da kaina, na ga suna bin juna.