Ƙuman da Aka Ɗora wa Baƙuwa

Ina ajin ƙarshe na sakandare ƙuma ya mamaye gidan hayarmu a unguwar Nima. Ɗaki goma sha ɗaya ne a gidan, kuma babu wanda idon sawunsa bai cika da ƙuraje ba. Mun shanya tabarmi a rana, mun kwarara tafasasshen ruwa a kowane lungu, amma cizon bai ragu ba.

Wata biyu kafin nan, wata mata 'yar wata ƙabila daga arewa ta kama ɗakin bakin ƙofa. Dako take yi a kasuwar Maamobi, Hausarta kaɗan ce, ba ta shiga hirar tsakar gida. Matan gidan suka yanke cewa ita ta kawo ƙuman a cikin tsummokaranta. Mahaifiyata ta fi kowa ɗaga murya. Waakye, wato dafaffiyar shinkafa da wake, take sayarwa a bakin titi, tana tsoron masu saye su gan ta tana susa.

Na kama ƙuma guda huɗu na jefa a kwalbar magani, na kai wa malaminmu na kimiyya. Ya ɗora ɗaya a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, ya daɗe yana kallo. Ya bayyana mini cewa ƙuma iri-iri ne, masana sun ba kowane iri suna mai kalma biyu da Latin. Na mutum shi ne Pulex irritans, kuma ba shi da jerin ƙayoyi kamar matsefi a kansa. Ya matsa ya ce in duba. Na ga matsefin sarai.

"Wannan na kyanwa ne," in ji shi. "Kuna da kyanwa a gida?"

Uku muke da su. Na mahaifiyata ne, tana ajiye su saboda ɓeraye a inda take tara shinkafa da wake.

Da na dawo, na tarar da kayan matar a ɗaure a ƙofar ɗaki. Mai gidan hayar ya riga ya ce ta tashi. Na sami mahaifiyata tana tsintar wake, na durƙusa na faɗa mata abin da na gani. Hannunta ya tsaya a cikin tire, amma ba ta ɗago ba.

"Ki bar maganar nan a nan," ta ce.

Matar ta zo sallama, ta rusuna ta ce wa mahaifiyata, "Mma, ku yafe ni." Ina tsaye a gefe, ban buɗe baki ba.

Bayan mako guda mahaifiyata ta sa kyanwowin a buhu, ta aika wa wata ƙawarta a unguwar Malam. A hankali cizon ya lafa, matan gida suka riƙa cewa ai tun da baƙuwar ta tafi aka samu lafiya.

Sau ɗaya na ƙara ganin ta, a kasuwa, ɗauke da kwanon doya a ka tana bin wata hajiya. Ta gane ni, ta yi murmushi. Na yi kamar ina duba tumatir har ta wuce.