Reino da Idon Ruwan Hetesuo

Shekarar da Toivo mijin Aune ya rasu, maƙwabcinsu Reino Karppinen ya kawo mata hoton ƙauyensu da aka ɗauka daga jirgin sama. Ya ɗora yatsa kan wani ɗigo a bayan gidanta.

"Ga Toivo nan da dokinsa. Ki riƙe."

Ta sa shi cikin littafin waƙoƙin coci.

Aikin Reino ke nan, karanta ƙasa daga sama. Yakan jera hotuna biyu ƙarƙashin gilashi mai ido biyu, tudu da kwari su fito masa sarai, sai ya ja layin da za a haƙa magudana a busar da fadama don itatuwa su girma. Tsofaffi na tsokanarsa a bakin shago: "Malam Tsuntsu, yau me ka hango mana?" Shi kuwa ya ce wa ɗayansu, "Sanƙonka, Kalle, har daga gajimare yake ƙyalli."

Hoton fadamar Hetesuo a watan Mayu aka ɗauke shi, ƙanƙara ta narke, ruwa ya shafe ko'ina. Idon ruwan da ke ciyar da rijiyoyin ƙauyen bai bambanta da sauran ba. Mutanen wurin a lokacin sanyi suke gane shi, don nan kaɗai ba ya daskarewa. Reino ya ja layinsa ta kan idon ruwan.

Aune ta ga taswirar a teburinsa ranar da ta kai masa burodi. Ta gane wurin. Amma shi mai karatu ne, ita aji huɗu ta yi, sai ta ajiye burodin ta fita. Bayan shekara biyu rijiyoyi suka ƙafe, gida bakwai suka tashi. Itatuwan ma ba su yi wani girma ba.

Bai taɓa kare kansa ba. Ya daina zuwa shago. Ita kuma ta sha roƙon Allah gafarar shirun nan.

Da ya tsufa aka zo toshe magudanan don ruwan fadamar ya dawo, aka rasa wanda ya san gurbin idon. Nan Aune ta faɗa masa cewa tun farko ta san layinsa ya bi ta kan idon. Sai ya ce mata:

"Aune, ƙafata ba ta kai ni. In sanyi ya kama, ki ɗauki sanda ki je ki kafa musu a wurin."