Fuskar da Gathogo Ya Zana a Bangon Nyokabi

Duk wanda ya san garin Karatina ya san hannun Mzee Gathogo, wato dattijo Gathogo, ko da bai taɓa ganinsa ba. Shi ya zana saniyar da ke jikin shagon nama, shi ya zana matar nan mai riƙe da sabulu a bakin tasha. Tun yana saurayi yake hawa tsani da gwangwanin fenti, har furfura ta cinye masa kai. Aibinsa ɗaya a sana'ar, ba ya iya zana fuska da ka, sai ya zaunar da mutum a gabansa. Mai sabulun ma marigayiya matarsa ce.

Da wani kamfanin cacar ƙwallo ya ba shi aikin bangon shagon Mama Nyokabi, wanda ke kallon ƙofar firamare, bai ga komai a ciki ba. So suke a zana saurayi ya ɗaga waya sama yana murna. Wanda ke kusa kuwa jikansa ne, ɗan aji shida, wanda ya ci sunansa. Tun rasuwar uban yaron su biyu ke zaune, yana kiran tsohon Guka, wato kaka.

"Takwara, zo zauna. Washe baki kamar an ce ka ci mota."

"Guka, don Allah ka rage min kunnuwan nan."

"Nawa ka gada, haka za su fito."

Ya ƙara wa hoton gemu don ya zama babba. Amma wa zai ruɗi 'yan makaranta da gemu? Ranar farko suka gane kunnuwan. Kafin a ce me, yara sun fara shafa hoton don neman sa'a in za su wuce, manyan cikinsu kuma, masu satar wayar iyaye mata su buga caca, suna tare yaron suna tambaya wa zai ci ranar Asabar. Sau ɗaya bakinsa ya yi daidai. Shi ke nan fa.

Malamar ajinsu ce ta zo har gida. Ta ce, "Mzee, jikanka ya koma zama gindin bango yana faɗa wa yara sakamako. In bai dawo aji ba, jarrabawa za ta wuce shi."

Gathogo ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Yaron ya bari ya gama, sannan ya ce, "Guka, ai kai ka sa ni a can. Da ba ni da sa'a, za a zana ni ne?"

Tsoro ya kama tsohon sosai. Shekara da shekaru yana ɗaukar cewa ba wanda ke yarda da bango.

Ya je wurin Mama Nyokabi zai shafe aikin. Ta ce, "A'a, Mzee. Kyauta suka yi min fentin shago. Ka taɓa rubutunsu, kaina za su sauka."

"Fuskar fa?"

"Fuska kam, ban ji sun yi zancenta ba."

To fuskar wa zai sa? Duk saurayin da ya zaunar, ɗan wani ne. Sai ya ɗauko madubin askinsa ya rataya a jikin tsani, ya zana abin da ya gani: furfura, giɓi, fatar wuya da ta saki. Bai yi wa kansa alfarma ko kaɗan ba. Yara suka yi ta dariya, suka daina shafa bango, suka watse daga jikin yaron. Ya koma aji yana kumbure-kumbure. Gathogo ya ce a yi ta kumburin, in dai a aji ne.

Ran Juma'a da yamma suna cin githeri, dafaffiyar masara da wake, yaron ya matso kusa da shi, abin da ya daɗe bai yi ba. Daɗi ya kama tsohon, har ya tura masa nasa kwanon. Yaron ya duba ƙofa, ya rage murya.

"Guka, tunda yanzu kai ne a bangon, wa zai ci gobe?"