Uwar Faranti da Ƙafar Tela

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, kafin mai shara ya gama da barandar asibiti, ta riga ta buɗe ɗakin gwaje-gwaje, ta rataye mayafi, ta zura farar riga. Ba ta tsayawa hira da kowa sai ta fara gaida 'ya'yanta. 'Ya'yan nan kuwa ƙwayoyin cuta ne da take reno a kan ƙananan farantai cikin akwatin ɗumi. Shi ya sa daga babban likita har mai gadi, kowa Uwar Faranti yake ce mata. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da huɗu, kuma yawancin waɗanda ta yi wa rana ko fuskarta ba su sani ba.

Aikin nata a baki ba wuya. A kawo mata ruwan gyambo, ta shafa a faranti, ta jera 'yan mitsi-mitsin takardu a kai, kowace da irin maganin da ta sha. Washegari, takardar da aka ga fili tas kewaye da ita, maganinta ne cutar ke tsoro.

Sai dai tana da wata ɗabi'a da abokan aiki suka daɗe suna yi mata tsiya a kai: komai lalacewar faranti, ba ta zubarwa sai ta ɗaga shi a hasken taga ta ƙare masa kallo. Ka tambaye ta dalili, ka jawo wa kanka lacca. Za ta ba ka labarin wani masani da ya dawo daga hutu kusan shekara ɗari da suka wuce, ya tarar funfuna ta ɓata masa faranti, ya lura ƙwayoyin cutar da ke kusa da ita duk sun mutu. Daga nan aka samo maganin fenisilin, bayan wasu sun sha wahalar tace shi shekara da shekaru. Takan rufe da cewa da mutumin mai saurin wanke-wanke ne, da mun shiga uku. Maigidanta ma yana ƙorafin cewa a gidansu burodi ba ya shiga kwandon shara sai an yi masa bincike. Amma da maƙwabciya ta ji labarin ta so ɗaura rubabben burodi a yankan wuƙa, Uwar Faranti ta yi mata tatas, don ba kowace funfuna ce magani ba.

Bara aka kwantar da wani tela mai gyambo a ƙafar dama. Kekensa na takawa ne, da ƙafar nan yake ciyar da mutum bakwai. An gwada magani uku, gyambo sai ci yake, har likita ya sa Alhamis za a yanke ƙafar. Farantin telan kuma funfuna ta kama shi a gefe, an riga an ajiye shi cikin na zubarwa. Ita kuwa ta ɗaga shi a taga kamar kullum, sai ga ɗan fili kewaye da takardar wani tsohon magani da aka daina waiwaya. Ta yi murna, amma ta san ba a dogara da ɓataccen faranti. Ta nufi ofishin likita.

"Likita, ka ba ni kwana biyu in sake gwajin."

"Uwar Faranti, gyambon nan fa ba ya jira."

"Na sani. Ƙafa kuma in ta tafi ba ta dawowa."

Likita ya ɗaga aikin zuwa Asabar. Safiyar Asabar sabon faranti ya nuna fili fes. Aka fara allura, bayan mako uku tela ya taka da ƙafarsa ya tafi gida.

Bai san da ita ba sai kwanan nan, da wata nas ta tsegunta masa. Shekaranjiya ya zo da ƙunshi, ya durƙusa a bakin ƙofa: farar riga ce sabuwa dal. Ta yi dariya ta ce ai ya makara, kwana tara suka rage mata a aiki.

"Ko kwana ɗaya ne ki sa, Inna," in ji shi. "Da ƙafar na taka keken."

Nan dariya ta tsaya, ta juya tana gyara farantan da ba su buƙatar gyara.

Ke ce mai idon da ba ya raina ɓatacce. Ke ce kika riƙe ƙafar da ba ki taɓa gani ba. Mun gode, Allah ya sa ki huta lafiya, ya ba maigida haƙurin binciken burodi. Ku kuma da za ku gaji ɗakin nan, taga tana nan inda ta bar ta. Kafin ku zubar, ku ɗaga ku duba.